Talo-talo ya narke, ranar banda ba ta zo ba: yadda za a ajiye shi a zafin Damagaram

Talo-talon da ke cikin firiza a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili yana iya yin watanni babu abin da ya same shi. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin naman, barci kawai take sa su. Da zarar naman ya fara laushi sai su farka, kuma daga nan ne lissafin kwana yake farawa. A nan ne gidaje da yawa suke yin kuskure, don suna ɗauka hayaƙi da wuta za su gyara duk abin da ya faru kafin a ɗora naman.

Ɗanyen naman tsuntsu, kaza ce ko zabo ko talo-talo, yakan zo da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Campylobacter. Ƙwayoyin cuta da yawa suna hayayyafa tsakanin digiri 4 da digiri 60, kuma idan wurin ya yi musu daɗi wasunsu kan ninka yawansu duk minti 20. A irin wannan gudu, ƙwaya ɗaya tak tana iya wuce 260,000 cikin awa shida. To a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram yake haura digiri 40, roba ɗaya ta nama da aka bari a madafa daga hantsi zuwa la'asar ta isa. Ko a cikin hunturu kada sanyin asuba ya ruɗe ku: daren Janairu a nan bai kai kusa da sanyin firigo ba, da rana kuwa zafi ya dawo.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce: talo-talon da ya narke a cikin firigo mai sanyin digiri 4 ko ƙasa da haka yana da kwana ɗaya zuwa biyu kafin a kai shi wuta. Wanda aka narkar a ruwa ba shi da ko kwana ɗaya, daga ruwan sai wuta. Wanda kuwa ya zauna a waje fiye da awa biyu ya fita daga amana, kuma idan zafin gari ya wuce digiri 32 awa ɗaya ce kawai. Mu nan yawancin shekara a kan awa ɗaya muke.

Saboda haka daga ranar banda ake ƙirgowa baya. A firigo, kowane kilo biyu na nama yana buƙatar kamar kwana ɗaya cur kafin ya narke. Talo-talo mai kilo biyar zai ci kwana biyu da rabi. Mai son kyafa shi ranar Asabar da safe sai ya fitar da shi daga firiza ranar Laraba da safe, ya gama narkewa Juma'a da yamma, ya kwana cikin sanyi, gari na wayewa a hura wuta. Idan wani uzuri ya taso aka ɗaga zuwa Lahadi, har yanzu ana cikin iyaka. Idan abin zai wuce Lahadi, kada a jira. A mayar da shi firiza tun da wuri. Naman da ya narke a firigo ana iya sake daskarar da shi ba tare da haɗari ba, illa dai zai ɗan rasa ruwansa, ya yi ƙasa a daɗi. Wanda aka narkar a ruwa kuwa ba a mayar da shi ɗanye, sai an dafa.

Yadda ake ajiye shi a firigon ma yana da muhimmanci. A bar shi cikin ledarsa, a sa cikin tasa ko roba mai zurfi, a ɗora a kanta ta can ƙasa. Ruwan jinin da ke tsatsowa yayin narkewa shi ne mafi haɗari a duk aikin nan, domin idan ya ɗiga kan salak, tumatir, kankana ko kwanon fura da nono, waɗannan ba za su ga wuta ba, kai tsaye za su shiga cikin yara. Kada a ajiye shi a jikin ƙofa, nan ne wuri mafi ɗumi. Kada kuma a cika firigon maƙil da robobin ruwa masu ɗumi a ranakun nan, don suna ɗaga zafin ciki na awoyi. Idan tsakiyar naman ta saki, a zura hannu a ciro ledar kayan ciki da wuya, idan akwai. Hanta da ƙundu sun fi saurin lalacewa, a dafa su a ranar.

Sai maganar wutar lantarki, wadda kowa ya san halinta. Firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kamar awa huɗu bayan an ɗauke wuta. Firiza cikakkiya tana kaiwa kwana biyu, wadda ke rabi kwana ɗaya, muddin an bar murfin a rufe. Duk buɗewar da yaro ya yi don ɗaukar ruwan sanyi tana rage wannan lokacin. Tun kafin a fara narkar da naman, a daskarar da robobin ruwa huɗu ko biyar na lita ɗaya da rabi a ajiye. Wuta na tafiya a jera su kewaye da tasar naman, a rufe. Idan ta daɗe ba ta dawo ba, a kwashe naman zuwa kula, ƙanƙara a ƙasa, ƙanƙara a sama, a ajiye kular a inuwa, a lulluɓe da bargo ko buhu. A riƙa dubawa: matuƙar akwai ƙanƙara mai tauri tana taɓa naman, ana nan lafiya. Idan ta koma ruwa zalla, a ƙaro wata ko a hura wuta nan take, ko da ba ranar aka shirya ba. Ƙaramin ma'aunin zafi na firigo ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin talo-talo guda, kuma shi ne zai gaya maka gaskiyar sanyin da ke cikin firigon. Idan ya nuna naman ya wuce digiri 4 fiye da awa biyu, a haƙura da shi.

Gidan da ba shi da firigo, ko wanda lokaci ya ƙure masa, sai narkarwa a ruwan sanyi. A ɗaure naman cikin leda mai kauri marar huda, a nutsar da shi gaba ɗaya a bokiti, a canza ruwan duk minti 30. Kowane kilo yana cin kamar awa ɗaya, ke nan kilo biyar awa biyar zuwa shida. Sai dai a lura da abu biyu. Ruwan famfo ko na jarkar da ta sha rana a bazara ba ruwan sanyi ba ne, dole a jefa ƙanƙara a ciki. Na biyu, canza ruwa sau goma ba ƙaramin abu ba ne a garin da kowa ya san darajar jarka ɗaya daga hannun mai ga-ruwa. Mafita ita ce tun wajen saye a zaɓi yankakke, cinyoyi da fukafukai, ko a sa a raba shi, don gunduwa tana narkewa cikin awa ɗaya ko biyu. Ruwan da aka zubar kada a wanke kwanoni da shi, kada a yayyafa wa ganyen miya. Narkarwa a rana, ko a ruwan zafi, ko a bar shi a faranti ya kwana a tsakar gida, duk ba hanya ba ce: fatar tana ɗumama tana tara ƙwayoyi alhali ƙirjin yana nan da ƙanƙara.

Wajen saye ma a buɗe ido. Leda mai jajayen dunƙulen ƙanƙara a ƙasanta, ko gunduwoyin da suka manne suka zama curi ɗaya, alama ce naman ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi. Idan ka taɓa ka ji ya riga ya yi laushi a shago, ba ka san tun yaushe ba, don haka a ranar za a dafa shi. A je da kula, a sayi naman a ƙarshen cefane, kada a zaga Kasuwar Dole da shi a bayan babur.

Masu jiƙa naman a ruwan gishiri kafin banda, kamar giram 50 na gishiri a kowace lita, su sani wannan gishirin na ɗanɗano ne da laushi, bai kai ya tsare nama ba. Jiƙon a cikin firigo ake yin sa, awa 12 zuwa 24, kuma yana cikin kwana biyun nan, ba ƙari ba ne a kansu. Haka yaji, tafarnuwa, citta da lemun tsami. Mutane kan kawo misalin kilishi, su ce ai a rana ake shanya shi. Kilishi an fere shi siriri kamar takarda, iska tana busar da shi cikin ƴan awoyi, sannan a gasa. Ƙirjin talo-talo kuwa kauri gare shi, cike da ruwa, babu abin da ya haɗa su.

Wanke ɗanyen naman a bakin famfo ba ya cire ƙwayoyin, fantsama su yake yi kan kwanoni da tufafi. A goge shi da tsumma mai tsabta wanda za a wanke da ruwan zafi, ko takarda a jefar. Wuƙa, katako da hannu a wanke da sabulu kafin a taɓa albasar da za a ci ɗanya.

Ranar banda, a tabbatar babu sauran ƙanƙara a cikin ramin cikinsa da gindin cinya. A hura gawayi ya kama sosai kafin a fito da naman daga sanyi. Zafin cikin ganga ko tanderun ya tsaya tsakanin digiri 110 da 150. Talo-talo ɗungurungum kada ya wuce kilo biyar da rabi, idan ya fi haka a tsaga shi biyu ko a yanka, domin a sanyin wutar banda babba yana daɗewa tsakiyarsa ba ta wuce digiri 60 ba. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a cusa shinkafa ko kayan lambu a cikinsa. Mai kilo biyar yakan ci awa huɗu zuwa biyar da rabi. Itacen da aka shafa wa fenti, katakon gini, leda da tsohuwar taya ba su da wuri a wutar abinci.

Nunarsa ita ce digiri 74 a wuri mafi kauri na ƙirji da can cikin cinya, ba tare da ma'aunin zafin da aka soka a naman ya taɓa ƙashi ba. Launi ba shaida ba ne, don hayaƙi yana sa naman da ya nuna ya yi ja-ja, fata kuma tana iya yin baƙi alhali cikin naman ɗanye ne. Kada a yi rabin banda yau a ce gobe a ƙarasa. Wari ma ba shaida ba ne: Salmonella ba ta canza ƙamshi ko ɗanɗano, kuma akwai ƙwaya irin Staphylococcus da ke barin dafi a naman da ya zauna cikin ɗumi, dafin da wuta ba ta kashewa.

Abin da ya rage bayan an ci a yayyanka, a sa firigo cikin awa ɗaya, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu, ana ɗumama shi ya yi zafi har ciki. Idan wani ya kamu da zawo, amai ko ciwon ciki bayan ci, ko da bayan kwana biyu zuwa biyar ne, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na sacet. Ƙaramin yaro, mai juna biyu, tsoho, ko wanda aka ga jini a bayan-gidansa, ko zazzaɓi mai zafi, ko ya kasa riƙe ruwa a ciki, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya abin da aka ci da sauran waɗanda suka ci tare da shi.