Zaratan 'Yan Wasan Kansas City Chiefs

Kansas City Chiefs ƙungiyar ƙwararru ce ta ƙwallon ƙafar Amurka, wasan nan na ƙwallo mai siffar ƙwai wanda ake ɗauka da hannu, 'yan wasa na sanye da hular kwano. Mazauninta birnin Kansas City na jihar Missouri, kuma a NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, take fafatawa. Attajirin nan Lamar Hunt ne ya kafa ta. Ta fara wasa a 1960 da sunan Dallas Texans a gasar AFL, wadda shi Hunt ɗin ya assasa don ta yi gogayya da NFL, sannan ta yi ƙaura zuwa Kansas City a 1963. Ta ɗauki kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe da ke fitar da zakaran shekara, sau 4: a kakar 1969, da 2019, da 2022, da 2023.

Shekara 50 cif ke tsakanin kofin farko da na biyu, kuma wannan giɓi ne ya raba zaratan ƙungiyar gida uku: waɗanda suka kafa ta, da waɗanda suka yi fice a shekarun tsakiya amma ba su taɓa kofi ba, da kuma 'yan zamanin Patrick Mahomes.

Yadda ake auna gwani

Kowane ɓangare na fito da mutum 11 a fili, amma masu kai hari daban, masu tsaro daban, masu bugu daban. Ana ba masu hari dama 4 su ci gaba da yadi 10; in sun kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya sun ci tacdawun, maki 6 ke nan. Mai jifa, wanda ake kira kwatabak, shi ne madugun hari, kuma da yawan yadi da tacdawun ake auna shi. Mai tsaro kuwa ana duba sau nawa ya kayar da mai jifa kafin ya saki ƙwallo, ko sau nawa ya cafke jifar da ba a yi don shi ba. Saboda aikin kowa daban ne, gwada mai jifa da mai tsaro abu ne da gardamarsa ba ta ƙarewa. Ma'aunin da aka fi yarda da shi shi ne shiga Zauren Gwarzaye da ke Canton a jihar Ohio, wanda ba a duba ɗan wasa sai ya shekara 5 da yin ritaya.

Mutanen farko

Len Dawson ya shafe shekara 5 yana zaman benci a Pittsburgh da Cleveland kafin koci Hank Stram, wanda ya san shi tun a jami'ar Purdue, ya ɗauko shi a 1962. A shekarar suka ci kofin AFL. Dawson ba mai ƙarfin damtse ba ne sosai, amma ba ya saɓa saiti kuma ba ya ruɗewa. Ya kai ƙungiyar Super Bowl na farko a tarihi, inda Green Bay Packers ta doke su 35-10 a Janairun 1967. Bayan shekara 3 suka dawo suka lallasa Minnesota Vikings 23-7, alhali kusan kowa Vikings ya ba wa nasara, kuma Dawson ne gwarzon wasan. Ya bar ƙungiyar a 1975 da yadi 28,507 da tacdawun 237 na jifa, tarihin da ya tsaya har 2024. Wani abin mamaki, tun yana wasa yake gabatar da labarin wasanni a wani gidan talabijin na garin. Ya tashi daga atisaye ya wuce ɗakin watsa labarai. Ya rasu a 2022.

Sai dai ƙashin bayan ƙungiyar 1969 masu tsaro ne. Mutum 6 daga cikinsu suna Zauren Gwarzaye: Bobby Bell, Buck Buchanan, Willie Lanier, Curley Culp, Emmitt Thomas da Johnny Robinson. A wasan ƙarshen nan yadi 67 kacal suka bar Vikings ta samu ta hanyar gudu, suka kuma cafke jifa 3.

Tarin waɗannan mutane a wuri ɗaya ba sa'a ba ce. A lokacin, manyan ƙungiyoyin NFL ba su cika waiwayar jami'o'in baƙar fata na Amurka ba. Hunt da Stram suka shiga can gadan-gadan, da taimakon wani mai farautar 'yan wasa baƙar fata, Lloyd Wells. Buchanan daga Grambling ya fito, kuma da aka ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa na AFL na 1963, shi ne na farko daga irin waɗannan jami'o'i da ya samu wannan matsayi. Lanier daga Morgan State ya zo, aka ɗora shi a tsakiyar masu tsaro, gurbin da ke ba da umarni, a zamanin da masu horarwa da yawa ke ganin baƙar fata bai dace da shi ba. Emmitt Thomas ma babu wanda ya zaɓe shi daga Bishop College, amma ya gama da cafke jifa 58, adadin da har yau ba wanda ya kamo a ƙungiyar. Otis Taylor na Prairie View, wanda ya ci tacdawun mai yadi 46 da ya kashe wasan Vikings, yana cikin manyan lokacin da ba su shiga Zauren ba, kuma magoya baya na ganin an yi masa ƙwange.

Cikin su shida Bell aka fi yabo, don babu gurbin da ba ya iya riƙewa. Shi ne ɗan wasan Chiefs na farko da ya shiga Zauren, a 1983. Akwai kuma Jan Stenerud, ɗan ƙasar Norway da ya je Amurka karatu a matsayin mai tsalle a kan ƙanƙara, ya ɓuge da bugun ƙwallo. Bugu 3 ya ci a wasan Vikings, kuma shi ne na farko da ya shiga Zauren da bugu zalla, a 1991.

Shekarun rashin kofi

Daga 1972 zuwa ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyar ta yi sanyi. Sunan da aka fi tunawa daga wannan lokaci shi ne Joe Delaney, matashi mai gudu da ƙwallo wanda kaka 2 kawai ya buga. A Yunin 1983 ya faɗa wani tafki a Monroe ta jihar Louisiana don ceton yara 3, alhali bai iya iyo ba, ya rasu a ciki. Ba a sake ba kowa lambarsa 37 ba.

Christian Okoye haifaffen Inugu ne. Jifan faifai ya kai shi jami'ar Azusa Pacific a California, kuma sai da aka ƙi saka shi cikin tawagar Najeriya ta gasar Olamfik ta 1984 sannan ya fara taɓa wannan ƙwallo, yana da shekara 23. Chiefs ta ɗauke shi a 1987. Ga jiki ga gudu, mutum ɗaya ba ya kayar da shi, har Amurkawa suka laƙaba masa suna mai nufin dodon Najeriya. A 1989 ya fi kowa a NFL yawan yadin gudu, da 1,480. Raunin gwiwa ne ya katse masa hanzari bayan kakar 1992.

A shekarar da Okoye ke ganiyarsa aka ɗauko Derrick Thomas daga jami'ar Alabama, kuma da wuya a samu mai tsaron da ya fi shi saurin zagaye katangar masu kare mai jifa. Ran 11 ga Nuwamban 1990, ranar tunawa da tsofaffin sojoji a Amurka, ya kayar da Dave Krieg, mai jifan Seattle, sau 7 a wasa ɗaya, tarihin da har yanzu yake tsaye. Mahaifinsa matuƙin jirgin yaƙi ne da ya mutu a yaƙin Biyetnam. A damar ƙarshe ta wasan ya sake kama Krieg, amma ya suɓuce masa ya jefa tacdawun, Chiefs ta sha kashi 17-16. Thomas ya kayar da masu jifa sau 126.5 a rayuwarsa ta wasa. Ya yi haɗarin mota a kan titi mai ƙanƙara a Janairun 2000, ya rasu ran 8 ga Fabrairu yana da shekara 33.

Joe Montana da Marcus Allen sun zo a 1993 bayan sun yi sunansu a wasu ƙungiyoyi, suka kai Chiefs dab da Super Bowl, Buffalo ta tare su. Daga nan ƙungiyar ba ta sake cin wasan sili-ɗaya-ƙwale ba sai a Janairun 2016.

Wannan dogon zama ne ya cinye ƙuruciyar Will Shields da Tony Gonzalez. Shields mai tare hanya ne, aikin da ba a cika tafa wa ba; ya buga wasa 224 daga 1993 zuwa 2006 bai taɓa fashi ba. Gonzalez kuwa tsohon ɗan ƙwallon kwando ne wanda ya sauya yadda ake kallon gurbin tayit-en, wato mai tsayawa a gefen layi yana tare mutane kuma yana cafkar jifa. Ya cafke 916 a Chiefs, yadi 10,940, amma wasannin sili-ɗaya-ƙwale 3 da ya buga mata duk an cire su. Na Janairun 2004 ya fi ciwo: Priest Holmes ya ci tacdawun 27 a kakar, hari ba abin da ya rasa, amma masu tsaro suka kasa tsayar da Indianapolis, aka tashi 38-31. Bayansu Jamaal Charles ya kafa tarihin gudu na ƙungiyar da yadi 7,260, yayin da Tamba Hali, wanda ya tsere wa yaƙin basasar Laberiya yana yaro, ya riƙe tsaro.

Zamanin Mahomes

Koci Andy Reid ya zo a 2013, kuma a shekarar aka ɗauki Travis Kelce a zagaye na uku na zaɓen sabbin 'yan wasa. A 2017 Chiefs ta yi musayar gurbi da Buffalo, ta tashi daga na 27 zuwa na 10 don ta ɗauki Patrick Mahomes na Texas Tech. Masana da yawa sun ɗauka kasada ce, don salon jifarsa bai bi ƙa'idar da ake koyarwa ba. Mahaifinsa ƙwararren mai jifa ne a wasan besbol, kuma alamar hakan na nan a hannunsa: yana jifa ta gefe, yana jifa ba tare da ya kalli inda ƙwallo za ta ba, ya taɓa yi da hagu a wasa da Denver. Ya yi shekara guda yana koyo a bayan Alex Smith, mai jifan ƙungiyar a lokacin. Da aka sakar masa ragama a 2018, ya jefa yadi 5,097 da tacdawun 50, aka zaɓe shi gwarzon NFL. Ya sake cin wannan lambar a 2022.

Abin da ya bambanta shi ba alƙaluma ba ne kaɗai, yadda yake farkowa bayan an sha gabansu ne. A Janairun 2020 Houston ta ba su 24-0, aka tashi 51-31. A Super Bowl na shekarar San Francisco na gaba 20-10 a kashin ƙarshe, aka tashi 31-20. A Janairun 2022 saura daƙiƙa 13 Buffalo ta wuce gaba, ya kai ƙwallo inda aka buga aka rama, suka yi nasara a ƙarin lokaci. Ya doke Philadelphia 38-35 a 2023 yana ɗingishi da ciwon idon sawu, ya sake doke San Francisco 25-22 a 2024, kuma duk kofunan 3 shi ne gwarzon wasan ƙarshe. Sau 2 kuma an yi masa kaca-kaca: Tampa Bay 31-9 a 2021, da Philadelphia 40-22 a 2025. A duka biyun katangar da ke kare shi ce ta ruguje, abin da ke nuna iyakar abin da mai jifa zai iya shi kaɗai.

Kelce shi ne hannun damansa. Ya haura yadi 1,000 kaka 7 a jere, daga 2016 zuwa 2022, abin da babu tayit-en ɗin da ya taɓa yi, kuma a Janairun 2024 ya wuce Jerry Rice, shahararren mai cafkar jifa, a yawan cafka a wasannin sili-ɗaya-ƙwale. Gwanintarsa gano inda masu tsaro suka bar sarari. A Super Bowl na 2023 ya kara da yayansa Jason, ɗan wasan Philadelphia. Tyreek Hill, mai gudu kamar barewa, ya yi kaka 6 kafin a sayar da shi ga Miami a 2022, kuma kofi 2 da aka ci bayan tafiyarsa sun rage masa matsayi a wannan lissafi. A tsaro, Chris Jones ne jigo: shi ya matsa wa mai jifa Brock Purdy a ƙarin lokaci a 2024, ya tilasta wa San Francisco ta haƙura da bugun maki 3. Harrison Butker kuma ya gaji Stenerud, ya ci bugun da ya ba su kofin 2023 saura daƙiƙa 8.

Matsayi da karramawa

Kan wanda ya fi kowa babu sauran gardama, Mahomes ne. Na biyu ake ja a kai. Masu duba kofi sukan ce Kelce ko Dawson. Masu duba abin da mutum ya yi da kansa sukan ce Derrick Thomas ko Bell. Tsakanin Kelce da Gonzalez, Kelce ya wuce shi a yawan yadi a Chiefs a 2023, amma Gonzalez bai taɓa samun mai jifa irin Mahomes ba, kuma hujja ce mai nauyi.

Ƙungiyar ta jingine lambobin riga 10 a hukumance: 3 ta Stenerud, 16 ta Dawson, 18 ta Emmitt Thomas, 28 ta Abner Haynes, mai gudu da ƙwallo a farkon ƙungiyar, 58 ta Derrick Thomas, 63 ta Lanier, 78 ta Bell, da 86 ta Buchanan. Sauran biyun na waɗanda suka rasu suna cikin ƙungiyar ne: 33 ta Stone Johnson, wanda ya karye a wuya a wasan sada zumunta a 1963, da 36 ta Mack Lee Hill, wanda ya rasu a 1965 bayan tiyatar gwiwa.