Ma'anar Gerrymandering: maguɗin da ake yi da taswira

Mai bin labaran siyasar Amurka ba zai rasa cin karo da kalmar gerrymandering ba, musamman tun da majalisar jihar Texas ta sake shata mazaɓunta a 2025 don ƙara wa jam'iyyar Republican kujeru, California kuma ta mayar da martani da nata zanen don amfanin Democrat. Kalmar tana nufin murɗe iyakokin mazaɓu yadda masu riƙe da mulki za su samu kujeru fiye da rabonsu. Maguɗi ne tsagwaronsa, sai dai babu satar akwati, babu hayar 'yan daba. Taswira kawai ake shimfiɗawa a kan tebur.

Sunan ya samo asali ne a 1812. Gwamnan Massachusetts na lokacin, Elbridge Gerry, ya sa hannu a kan dokar da ta sake yanka mazaɓun majalisar dattawan jihar don jam'iyyarsa ta Democratic-Republican ta ci moriya. Wata mazaɓa a yankin Essex ta fito a lanƙwashe, siririya kamar jela. Sai wata jaridar Boston ta buga zanen barkwanci, ta yi wa mazaɓar kai da fukafukai da farata, aka ce ta yi kama da salamander, wata 'yar dabba mai siffar ƙadangare da ke zama wurin danshi. Aka ɗauko Gerry aka liƙa da mander, wato ƙarshen kalmar salamander, suna ya bi shi har yau. Dabarar kuwa ta yi aiki: abokan hamayyarsa 'yan jam'iyyar Federalist sun fi yawan ƙuri'u, amma kujeru 11 kacal suka samu cikin 40. Shi gogan naka dai ya rasa kujerar gwamna a wannan shekarar.

Yaya ake yin abin? Duk bayan shekara 10 ana ƙidayar jama'a, a raba kujeru 435 na majalisar wakilai tsakanin jihohi, kuma a yawancinsu 'yan majalisar jiha ne ke zana iyakoki. Kura ce aka ba ajiyar nama. Dabarun biyu ne: ko a cusa magoya bayan abokin hamayya cikin mazaɓu kaɗan su yi ta cin zaɓe da rarar da ba ta da amfani, ko a tarwatsa su ko'ina su zama 'yan tsiraru.

A ce gari mai masu zaɓe 50, 30 na jam'iyyar Fari, 20 na Ja, za a yanka mazaɓu biyar masu mutum goma-goma. Idan alƙalami yana hannun Ja, sai ta zuba Fari tara-tara a mazaɓu biyu, sauran ukun ta sa nata shida, Fari huɗu. Da ƙuri'a 20 ta kwashe kujeru uku, kuma babu wanda aka hana jefa ƙuri'arsa.

Kotun Ƙolin Amurka ta sa baki tun shekarun 1960, ta ce dole mazaɓu su yi kusan daidai a yawan mutane, kuma yanka su don danne baƙaƙen fata ya saɓa wa doka. Amma a 2019, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce murɗiya don amfanin jam'iyya ba hurumin kotunan tarayya ba ce. A ganina wannan hukunci ne ya sakar wa jam'iyyun biyu mara, ga kuma kwamfuta da ke iya tantance masu zaɓe unguwa-unguwa, abin da mutanen 1812 ko a mafarki ba su gani ba.

Shi Gerry ya rasu a 1814 yana mataimakin shugaban ƙasa James Madison. Ana furta farkon sunansa ne kamar na gero, amma yawancin Amurkawa yau "jeri" suke cewa idan sun zo kan kalmar.