Takardar da ejan ya buga ba ita ce tikitin jirgi ba

An daɗe ana faɗa a tsakanin Hausawa mazauna Makka, Madina da Jidda cewa takardar da ejan ya buga ya sa wa hatimi ita ce tikitin, wanda ya ɓatar da ita kuma ya yi asarar kuɗinsa. Wannan fahimta tana da asali, domin a da haka abin yake, lokacin da tikiti ɗan littafi ne da ake yagar shafinsa a filin jirgi.

Sai dai tun watan Yunin 2008 akasarin kamfanonin jiragen sama suka koma tikitin lantarki, wanda yake ajiye a kwamfutar kamfanin jirgin. Idan takardar ta ɓace, fasfo da lambar tikitin sun wadatar.

Abin da ya fi muhimmanci, a ganina, shi ne cewa takardar ba ta tabbatar da an biya. Ejan zai iya kama wa mutum kujera zuwa Kano ko Yamai, ya buga masa takarda mai lambar rajista mai haruffa da alƙaluma shida, alhali bai fitar da tikitin ba, kuma kujerar za ta faɗi da zarar wa'adinta ya cika. Tikitin da aka biya yana ɗauke da lamba mai alƙaluma 13, ukun farko na nuna kamfanin jirgin.

Mai son tabbatarwa sai ya shiga shafin intanet na kamfanin jirgin, ya sa lambar rajistar da sunansa na ƙarshe kamar yadda yake a fasfo, ya duba ko wannan lamba mai alƙaluma 13 ta bayyana tare da ranar tafiya.

Don Allah a isar da wannan bayani ga 'yan'uwa, musamman dattawan da ake saya wa tikiti.