Rijiyar sa ido: mecece ita, kuma me ya sa ake haƙa ta a gidan mai?

Jama'a in kun lura, a wasu gidajen mai nan Kumasi akwai wani ɗan murfin ƙarfe a ƙasa, faɗinsa bai wuce faranti ba, kuma ba ta nan tanka ke sauke mai ba. Wani sa'in wannan bakin rijiyar sa ido ne. Ba ta shan ruwa bace, ba a saka mata famfo, aikinta kawai a riƙa leƙa ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa a gani ko fetur ko dizal ya shige shi.

Tankin gidan mai a binne yake. In ya yi tsatsa ko mahaɗar bututu ta saki, man zai riƙa ɗiga kaɗan kaɗan shekara da shekaru ba wanda ya sani, yana sauka cikin ƙasa har ya tarar da ruwa, toh tunda mai bai kai ruwa nauyi ba sai ya kwanta a samansa kamar yadda manja ke tasowa kan miya. Sai dai ba nan abin ya tsaya ba, akwai sinadaran da ke narkewa su bi ruwan, masana na kiransu BTEX, wato benzin, toluwin, etilbenzin da zailin. Ruwan ƙasa kuma tafiya yake yi a hankali, yana gangarawa, shi ya sa yoyon da aka yi a bakin titi kan iya fitowa a rijiyar gidan da ke can baya, ko bohol ɗin masallaci inda mata da yara ke layi da galan Kufuor.

Benzin ne ya fi tada min hankali wallahi. Yana jawo kansar jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha maikrogiram 10 cikin lita 1, ma'ana giram 10 kacal cikin lita miliyan 1. Ruwa zai iya wuce wannan iyaka yana nan garau ba wari ba komai. Don haka zancen "ai na shinshina ban ji komai ba" ba hujja bace. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta ne, nan kuma tururin ma shaƙarsa za ka yi, kulorin shi ma bai cire shi.

Yadda ake yin rijiyar: ana huda rami siriri har a wuce saman ruwa, ana ɗibar ƙasa mataki mataki ana auna tururinta da wata ƴar na'urar hannu, sai a zura bututun roba mai tsaga tsaga daidai inda saman ruwan ke hawa da sauka. Wannan wurin muhimmi ne ƙwarai, don in tsagar ta nutse can ƙasa, man da ke yawo a sama ba zai shiga ba, sai a ce ruwa lafiya lau alhali ba haka bane. A zuba yashi mai tsabta kewaye da bututun, a toshe sama da laka ta musamman da siminti kada ruwan kwata ya bi ta nan ya sauka. Kuma guda ɗaya ba ta isa, aƙalla 3 ake so don a kwatanta tsayin ruwa a gane ina ya nufa, ɗaya ta tudu, inda ruwan ke fitowa kafin ya iso tankin, sauran ta gangare wajen gidajen mutane.

Ɗibar samfur ma ba a yi da gorar roba da aka tsinta. Sai an fara janye ruwan da ya kwana cikin bututun, a cika ƴar kwalbar gilas fal ba iska ko kaɗan, a sa cikin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji da sauri, tunda sinadaran nan gudu suke cikin iska. Kuma ana maimaitawa, rani da damina, saboda ruwa in ya taso da damina yakan wanko man da ya maƙale a ƙasa, sakamakon watan Fabrairu da na watan Yuni sai ka ga sun sha bamban. Duk wanda ya auna sau ɗaya ya ce ya gama, ni dai ban yarda da shi ba.

Wanda ke ganin abin wasa ne ya duba ƙasar Ogoni a Najeriya. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu benzin sama da ninki 900 na iyakar nan a rijiyoyin Nisisioken Ogale, da mai kaurin santimita 8 kwance kan ruwan ƙasa, aka ce gyara zai ci shekara 25 zuwa 30. Mutane kuwa a lokacin suna ta sha.

Mu nan ba rijiyoyin haƙar mai ne damuwarmu ba, gidajen mai ne da suka shigo tsakiyar unguwa, da baƙin mai da fitoci, wato makanikai, ke zubarwa ƙasa a unguwar garejin nan ta Suame Magazine da ƙananan gareji a zangunanmu, Aboabo, Asawase har Sabon Zango. Ƴan uwa makanikai don Allah a riƙa tarawa a duro.

NPA, wato hukumar kula da harkar man fetur ta Ghana, ce ke ba gidan mai lasisi, EPA kuma, wato hukumar kare muhalli, ke ba da izinin muhalli. In gidanku na maƙwabtaka da gidan mai kuma kuna shan rijiya ko bohol, ku haɗu da liman da asambuliman ku rubuta wa EPA ku tambaya ko akwai rijiyar sa ido a wurin, yaushe aka auna ta ƙarshe, me aka samu. In za ku kai ruwanku gwaji ku faɗa musu ƙarara sinadaran fetur kuke so a duba, don gwajin da aka saba yi wa bohol yawanci ƙwayoyin cuta da gishiri da ƙarfe yake nema, ba ya taɓa benzin.