Ƙarin bitamin na yara da sahihancin rubutun jikin kwalba

Ƙarin bitamin na yara haɗi ne na bitamin da ma'adanai da ake sayarwa a matsayin ruwan ɗigawa, ƙwayar tauna ko alewa mai danƙo, domin cike giɓin abinci. A ƙasashe da yawa ana lissafa su cikin abinci, ba cikin magunguna ba. A Amurka, tun daga dokar 1994, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ba ta tantance su kafin su shiga kasuwa. Alhakin ingancinsu na wuyan kamfanin da ya haɗa su.

Adadin da ke jikin kwalba ba lallai ne ya yi daidai da abin da ke ciki ba. Bitamin C da folik asid suna raguwa idan zafi, haske ko danshi suka taɓa su. Dokar Amurka kuwa ta ce abin da aka zuba kada ya gaza adadin da aka rubuta, shi ya sa kamfanoni ke ƙara wani abu a kai da gangan domin ya kai ranar ƙarewar aikinsa. Gwaje-gwajen da ma'aikatar noman ƙasar ta yi tare da cibiyar binciken lafiya ta ƙasar, NIH, sun nuna cewa yawancin sinadaran bitamin na yara sun zarce abin da aka rubuta. Tarayyar Turai, a jagorarta ta 2012, ta yarda bitamin ya haura da kashi 50 cikin ɗari ko ya gaza da kashi 20.

Wannan rara ta fi zama abin damuwa ga ƙaramin yaro. Bitamin A da D suna narkewa cikin kitse, suna taruwa a jiki. Ga ɗan shekara 1 zuwa 3, a ma'aunin Amurka, iyakar da bai kamata a wuce ba ta bitamin A nau'in retinol a rana maikirogiram 600 ce, ta zinki kuma miligiram 7, kuma yaron yana iya samun wani kaso daga abincin da aka riga aka ƙara wa sinadarai. A Denmak, a 2016, an janye wani ruwan bitamin D na jarirai bayan an gano ƙarfinsa ya ninka na rubuce sau 75, wasu yara kuma suka kamu da yawan kalsiyam a jini.

Nau'in alewa ya fi wuyar daidaitawa, ga sukari, kuma galibi babu sinadarin ƙarfe a cikinsa saboda ɗanɗanonsa. Wanda ke ɗauke da ƙarfen kuwa yana da haɗari idan yaro ya sha da yawa, abin da ya sa Amurka ta wajabta rubuta gargaɗi a kansa tun 1997.

Ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su USP da NSF suna gwada kayan, su sa tambarinsu idan na ciki ya dace da na rubuce. Gwajin na ganin dama ne, kuma tambarin ba ya nufin yaron yana buƙatar ƙarin. Likita ne ke tantance hakan.