Malalar Ɗanyen Mai a Teku

Malalar mai ita ce zubewar ɗanyen mai ko tataccen mai cikin teku, kogi ko fadama. Takan faru idan jirgin dakon mai ya yi haɗari, ko rijiyar mai ta fashe, ko bututu ya ɓule saboda tsatsa ko aka fasa shi da gangan. Mai bai kai ruwa nauyi ba, don haka yakan taso ya bazu. Wanda ya taɓa ganin ɗigon baƙin mai ya shimfiɗu da launin bakan gizo a kan kududdufi a bakin garejin kanikawa da damina, to ya ga samfurin abin. A teku shimfiɗar kan rufe ruwa tsawon kilomita masu yawa.

Yadda yake ɓarna

Wani ɓangare na man yakan bi iska cikin 'yan kwanaki. Sauran igiyar ruwa ce ke cuɗa shi har ya yi kauri ya zama curi-curin kwalta da ke fita bakin gaɓa. Tsuntsun da ya sauka a kai, gashinsa ya manne, ruwa ya ratsa har fata, sanyi ya kama shi. Idan ya sa baki zai gyara gashin sai ya haɗiyi guba. Babban kifi kan iya gudu, amma ƙwai da 'ya'yan kifi ba su da wannan dama, shi ya sa masunta ke jin raɗaɗin abin shekaru bayan ruwan ya washe.

Ɓarna mafi daɗewa tana cikin laka. Itatuwan da ke tsirowa a fadamun bakin teku ta saiwoyinsu suke numfashi, kuma a ƙarƙashinsu kifi da kaguwa da jatan lande ke hayayyafa. Mai na toshe saiwoyin, itacen ya bushe a tsaye, man kuma ya lafe cikin lakar shekara da shekaru.

A 1989 jirgin Exxon Valdez ya zubar da kusan galan miliyan 11 a gaɓar Alaska, aka ƙiyasta mutuwar tsuntsayen teku 250,000. A 2010 dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe a Tekun Meziko, ma'aikata 11 suka rasu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara.

A Najeriya

Tun da aka gano mai a Oloibiri a 1956, yankin Neja Delta ne ke ɗauke da wannan nauyi. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas ya sami sinadarin benzin, mai haddasa ciwon daji, a rijiyoyin ruwan sha na Nisisioken Ogale har ninki 900 na ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ya kuma ce gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Abin takaici ne a ce mutane sun daɗe suna shan wannan ruwa. A 2015 kamfanin Shell ya amince ya biya mutanen garin Bodo na ƙasar Ogoni fam miliyan 55 kan malalar da ta kashe musu sana'ar kamun kifi. Hukumar gwamnatin tarayya ta NOSDRA, wadda aka kafa a 2006, ita ke da alhakin sa ido kan malalar mai a ƙasar.

Ana tsaftacewa ta hanyar kewaye man da shinge mai yawo a kan ruwa a zuƙe shi, ko a ƙona shi, ko a fesa sinadarin da ke wargaza shi. Abin da ake kwashewa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da ya zube.

Bauchi da Gombe ba su da teku, amma zancen ya shafe su tun da shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a watan Nuwamban 2022, a kan iyakar jihohin biyu. Yankin yana cikin kwarin Gongola, kogin da ke cika madatsar Dadin Kowa, inda masunta da manoman rani ke cin abinci. Daga nan Gongola ya zuba cikin Binuwai a Numan, Binuwai ya haɗu da Neja a Lokoja, ruwan ya gangara har teku.