Karatun Likita a Kano da Jigawa

Karatun likita shi ne horon da ake ba ɗalibi a jami'a da asibitin koyarwa har ya sami digirin MBBS, wanda ya haɗa ilimin magani da na tiyata. A Najeriya shekara 6 ake yi ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, shekara 5 ga wanda aka ɗauka kai tsaye aji biyu. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci ce ke tantance makarantun, ita ce kuma ke ƙayyade wa kowacce adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Wannan ƙayyadewar ce ta sa gurbin yake da wuyar samu.

Neman gurbi

Sharaɗin farko shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fizis, Kimistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da yawa suna so a same su a zama ɗaya. A JAMB darussa huɗu ake rubutawa, wato Turanci da darussan kimiyya ukun, jimillar maki 400, kuma a kwamfuta ake yi. Nan ne ɗan ƙauye ke fara cin tuntuɓe. Yaron da ya haddace littafinsa sarai yana iya ɓarnatar da lokacinsa wurin laluben madannai, don bai taɓa zama gaban na'urar ba sai ranar. Atisaye na 'yan makonni a cibiyar kwamfuta ta garin da ke kusa yana magance wannan, kuma ya fi kuɗin maimaita jarrabawa sauƙi.

Jami'o'in tarayya suna raba guraben kashi uku: 45 cikin ɗari ga cancanta zalla, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta an bar su a baya a ilimin boko, kuma Kano da Jigawa suna cikinsu. Makarantun kimiyya na kwana irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe a 1977, sun daɗe suna zama ƙofar da yaran karkara ke bi zuwa wannan karatu.

Ɗaliban Jami'ar Bayero suna horon asibiti a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Na Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, suna yi a asibitin Rasheed Shekoni. Gwamnatin Jigawa kuma ta tura ɗalibai ƙasashen waje kamar Sin da Sudan. Duk wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin a ba shi izinin aiki.

Shekarun kafin asibiti

Aji ɗaya maimaicin kimiyyar sakandare ne mai zurfi, amma wanda ya yi sakaci akan mayar da shi wani sashe. Daga aji biyu zuwa tsakiyar aji uku, kimanin wata 18, ake karanta ƙirar jikin ɗan Adam, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da sinadaran da ke cikin jiki. A nan ake shiga ɗakin gawa. An jiƙa gawarwakin da sinadarin fomalin, wanda warinsa ke sa ido hawaye, ya kama maƙogwaro, ya bi tufafi har ɗakin kwana. Ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da gawarsa, su riƙa buɗe ta sashe-sashe: hannu, ƙafa, ƙirji, ciki, kai da wuya. Ga wanda ya taso inda ake gaggauta suturta mamaci, makon farko yana da nauyi a zuciya, kuma malaman kirki sukan fara da koyar da girmama gawar kafin a ɗauki wuƙa.

Babbar jarrabawar da ke ƙarshen wannan zango ita ce matatar karatun. Makin ci 50 ne, ba 40 ba, kuma akwai rubutu, da gwajin aiki, da tambayar baki gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Wanda ya faɗi darasi ɗaya yakan sake rubutawa bayan 'yan watanni, wanda ya faɗi da yawa ya maimaita shekara, wanda ya sake faɗuwa a sallame shi. Yawancin masu faɗuwa ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Abin da ke kayar da su shi ne tara karatu sai jarrabawa ta ƙarato, da hadda ba fahimta, da jin nauyin yin magana da Turanci gaban malami. Ƙaramin rukunin muraja'a, inda kowa zai tashi ya yi wa 'yan'uwansa bayani da baki, ya fi kwana a laburare amfani.

Horon asibiti

Aji huɗu na ilimin cututtuka ne, da ƙwayoyin cuta, da magunguna, tare da fara shiga ɗakunan marasa lafiya. Aji biyar na yara ne da mata da haihuwa, aji shida kuma a kammala da manyan cututtukan cikin jiki da tiyata. Ana kuma tura ɗalibai cibiyar lafiya ta karkara su zauna, su ƙirga gidaje, su duba rijiyoyi da masai da katin rigakafin yara.

Ginshiƙin wannan zango shi ne ɗaukar tarihin mara lafiya. Ɗalibi zai zauna bakin gado ya yi gaisuwa, ya tambayi abin da ya kawo mutum, da yaushe ya fara, da abin da ya sha, sannan ya gwada shi: ya leƙa fatar ido don ganin ƙarancin jini, ya ji bugun jijiya, ya auna hawan jini, ya lalluba ciki, ya saurari ƙirji. Da safe kuma ya gabatar da shi ga babban likita lokacin zagaye. A nan ɗan karkara yake da fifikon da sau da yawa bai san darajarsa ba. Ya san tsohuwa ba za ta ba shi kwanan wata ba, sai dai ta ce tun kafin a yanke gero ko bayan Sallar layya. Ya san idan bai tambaya cikin ladabi ba, "Baba, an ɗan sha jiƙo ko sassaƙe?", ba za a faɗa masa ba, haka ma allurar da aka yi a kemis. Ya kuma san mace ba za ta buɗe cikinta gaban surukarta ba. Rabin gano cuta yana cikin irin waɗannan tambayoyin.

Cututtukan da zai fi gani su ne na gida: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a damina, tamowa, sikila, tarin fuka, sanƙarau a lokacin zafi, jijjigar masu ciki, zubar jini bayan haihuwa, da yoyon fitsari da doguwar naƙuda ke haddasawa, wanda asibitin Jahun ya yi suna wurin gyara shi.

Akwai haɗari na gaske. Allurar da aka yi amfani da ita kan soki ɗalibi, galibi wurin ƙoƙarin mayar mata da murfi, don haka ba a mayarwa, a akwatin zubar da allurai ake jefa ta. Idan ta faru, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a sanar nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ce, ta farko, sai bayan wata 1, da bayan wata 6 daga ta farkon, kuma kamata ya yi a gama ta kafin a shiga asibiti. Zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Kano a farkon 2020.

Kuɗi da lokaci

Ɗalibin likita ba ya samun dogon hutu, saboda haka gidan manomi ya rasa hannu guda a damina, ga kuɗin rajista da littattafai da abin sauraren ƙirji da na mota. Yajin aikin malaman jami'a yana ƙara tsawon zaman; na 2022 ya ɗauki wata 8. Wasu gwamnatocin jihohi suna tallafa wa ɗalibi bisa yarjejeniyar zai yi musu aiki na wasu shekaru, kuma tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance.

Bayan jarrabawar ƙarshe ana rantsar da sabon likita, a ba shi lasisin wucin gadi. Zai yi wata 12 yana koyon makamar aiki ƙarƙashin manya, wata uku-uku a sashen magani, tiyata, yara, da mata, sannan ya sami cikakkiyar rajista ya tafi hidimar ƙasa.